Aya ta Abijan Ta Samu Mai Zana Ta, Saura Matar Kurni

A shekarar 2005 ne kamfanin ɗab'i na Gallimard da ke birnin Paris ya fitar da juzu'in farko na labarin Aya ta Yopugon, wanda wata ƴar ƙasar Kodebuwa mai suna Marguerite Abouet ta rubuta, wani Bafaranshe, Clément Oubrerie, ya zana. Irin littafin nan ne da ake ba da labari cikin hotunan zane, akwati bayan akwati, ana rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa. A watan Janairun 2006 littafin ya ci kyauta a babban bikin littattafan zane na garin Angulem a ƙasar Faransa, zuwa 2010 ya kai juzu'i shida, a 2013 aka mayar da shi fim, a 2022 kuma aka fitar da juzu'i na bakwai.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa budurwar takarda ta Abijan da ƙaramar hukumar Kurni, can cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, inda babbar damuwar magidanci ita ce ko hatsin rumbu zai kai shi damina? Abin da ya haɗa su shi ne, ƴan matan Yopugon sun samu wanda ya zana su a matsayin mutane masu suna, masu hali, masu ban dariya da ban haushi, alhali matan Kurni ba su samu ba. Wannan rashi kuwa yana da tsada, kuma matan ne suke biya.

Wace ce Aya?

Labarin ya fara ne a 1978, zamanin Shugaba Houphouët-Boigny, lokacin da kuɗin koko da kofi suka sa Abijan ta zama abin kwatance a Afirka ta Yamma. Aya budurwa ce ƴar shekara 19, tana zaune a Yopugon, unguwar talakawa da ƙananan ma'aikata, burinta kuma ta zama likita. Mahaifinta, Ignace, ma'aikaci ne a wani kamfanin giya. A ganinsa dogon karatu na ƴaƴa maza ne, ya kuma fi son ƴarsa ta auri Moussa, ɗan mai kamfanin, saurayi sakarai wanda ba shi da abin nunawa sai motar ubansa. Tana da ƙawaye biyu, Adjoua da Bintou, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga wuraren rawa. Adjoua ta yi ciki, ta jingina shi ga Moussa saboda dukiyar gidansu, aka ɗaura aure cikin gaggawa. Da aka haifi yaro kamanninsa suka tona asiri, aure ya mutu, ta koma tuya a kasuwa tana ciyar da ɗanta. Bintou kuwa ta faɗa hannun wani Grégoire, wanda ya dawo daga Paris da tufafi masu ƙyalli da aljihu wayam. Shi ma Ignace, mai tsananta wa ƴarsa, asirinsa ya tonu ranar da sakatariyarsa ta shigo gidansa riƙe da ƴaƴa biyu da ta haifa masa a ɓoye. Da Aya ta samu shiga jami'a, sai ta tarar da malamin da ke neman ta sayi sakamakon jarrabawa da mutuncinta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'amura da zai zama baƙo ga wanda ya zauna a Damagaram, Maraɗi ko Yamai. Uban da ke kallon ƴarsa a matsayin tsani zuwa gidan mai kuɗi, da magidancin da ke wa'azin kamun kai da rana yana karya shi da dare, da ɗan ci-rani mai dawowa da ƙarya ya yaudari ƴan matan gari, duk an san su, sunayensu ne kawai suka bambanta. Abouet, wadda aka haifa a Abijan a 1971 aka kai ta Faransa tana da shekara 12, ta sha bayyana cewa ta gaji ne da ganin ana nuna Afirka ta fuskar yaƙi da yunwa da cuta kaɗai, shi ya sa ta rubuta unguwar da ta sani. Abin da ya sa masu karatu suka riƙe Aya shi ne ba a mayar da ita malamar wa'azi ba. Tana da nata aibu: ta cika shiga sharo ba shanu, tana gyaran rayuwar kowa alhali tata tana jiran ta. Mai karatu yana yi wa Ignace dariya, sai daga baya ya gane cewa maƙwabcinsa yake yi wa, ko ma kansa.

Ba a Afirka kaɗai aka ga irin wannan ba. A ƙasar Amurka, wata mai zane, Cathy Guisewite, ta fara fitar da labarin wata ma'aikaciyar ofis mai suna Cathy a jaridu a watan Nuwamban 1976, ba ta daina ba sai Oktoban 2010, shekara 34 ke nan, kuma a lokacin tashensa jaridu kusan 1,400 ne suke buga shi. Abubuwa huɗu ne suke hana Cathy barci: abinci, soyayya, aiki, da mahaifiyarta mai tambayar yaushe za ta yi aure. Wasu matan sun soki labarin, suna cewa ya mayar da mace mai kukan ƙiba da girman riga; wasu kuma suna yanke shi daga jarida suna liƙawa a ɗakin girki domin sun ga kansu a ciki. Wannan gardamar ita ce ribar. Shekara talatin da huɗu al'umma tana jayayya a kan abin da take nema daga mace, kuma akwati huɗu na zane ne suke tayar da maganar kowace safiya.

Yadda takarda ta san matar Kance

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma mafi yawansu daga gundumar Kance suka fito, wato gundumar da Kurni da Matamaye suke ciki. Gwamnati ta sa aka yi makokin kwana uku. Daga Disamban 2014 aka fara jigilar mayar da ƴan Nijar gida daga Aljeriya bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, manyan motoci suna sauke mata da yara a Agadas kafin a wuce da su kudu. A watan Maris na 2022 kuma jirage suka kwaso ɗaruruwan mata da yara daga titunan Dakar, aka sake ambaton Kance da Magarya a gidajen rediyon duniya.

Wannan shi ne hoto na farko da takarda ta san matar yankin da shi: lamba cikin jerin matattu, ko cikin jerin waɗanda aka koro, ko kuma “mai bara da ta zubar da mutuncin ƙasa”, kamar yadda ake faɗa a majalisun hira. Hoto na biyu shi ne na allunan furoje da ke bakin hanya da bangon ɗakunan shan magani: mace mai murmushi da goyo a baya, tana nuna gidan sauro ko katin rigakafi. Ita wannan ba ta fushi, ba ta da kishiya, ba ta da bashi, ba ta taɓa yin ƙarya ba, kuma duk abin da jami'in furoje ya faɗa ta yarda tun kafin ya rufe baki. Babu matar da za ta dubi allon ta ce wannan ni ce, domin kuwa ba a zana ta don a gane ta ba, an zana ta ne don a cika rahoton da za a aika wa masu ba da kuɗi.

Tsakanin waɗannan hotuna biyu mace ta gaskiya ta ɓace, tare da dalilanta. Gundumar Kance tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar nan. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum kusan 400,000. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, rabon gado ya yayyanka ta har ta zama ba ta ciyar da gida ɗaya na rabin shekara, kuma ba kowa ne yake da fadamar rake ko lambu ba. Maigida yakan tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, wani lokaci aike ya zo, wani lokaci shiru. Ita kuwa matar, ban da tukunyar yau da gobe, al'ada ta ɗora mata kayan ɗakin ƴarta, da gara, da bikin da za ta mayar wa duk wadda ta taɓa kawo mata, kuma idan ta kasa, ita za a nuna da baki, ba mijin ba. Sai ga maƙwabciyarta ta dawo daga Tamanrasat ta yi rufin kwano, ta sayi awaki, ta aurar da ƴa da gado da katifa. Wanda bai san wannan lissafi ba zai ce hauka ne ya sa uwa ta ɗauki yara ta shiga hamada. Wanda ya sani zai ga cewa al'umma ce ta auna mata kaya fiye da wuyanta, sannan ta koma gefe tana zagin tafiyarta.

Ga kuma ƴarta. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman domin kare karatun ƴaƴa mata. Amma doka tana Yamai, shawarar kuwa a zaure ake yanke ta, tsakanin uba da kawu da mai neman aure, yarinyar tana bayan ɗaki tana daka. Ita ma, kamar Aya, tana iya yin burin zama likita ko malamar lakkol. Bambancin kawai shi ne ba a taɓa tambayar ta ba.

Abin da zane zai iya

Babu wata jarumar zane mai magana da Hausa da sunanta ya zama abin faɗa a kasuwar Matamaye yadda na Aya ya zama a Abijan, kuma wannan giɓi ne da ya kamata a cike. A ƙaddara wata jarida ta ware rabin shafi kowane mako ga wata matar Kurni, a sa mata suna Tsahara ko Hadiza, mai ƴaƴa biyar, mai sayar da ƙuli-ƙuli, mai kaifin baki, mai son a yabe ta ranar biki ko da bashi ne. A wannan mako mijinta yana zaune a majalisa yana la'antar matan da ke zuwa bara Aljeriya, a akwatin ƙarshe kuma a ga shi yana karɓar kuɗin goro daga aiken ƙanwarsa da ke can. A mako na gaba ɗan takara ya zo da turmin atamfa mai hotonsa, Tsahara ta auna ta ga bai kai ɗinkin zane da riga ba. A wani makon kuma ita kanta ce mai laifi, domin ita ce take matsa wa a cire ƴarta daga makaranta saboda ta ga kayan lefen gidan maƙwabta. Ba a buƙatar a rubuta darasi a ƙasan hoton. Duk wanda ya gani zai yi dariya, dariyar kuwa za ta bi shi gida.

Zane yana da wata fa'ida da dogon rubutu irin wannan ba shi da ita. Mafi yawan matan karkara ba su karanta boko, amma babu wadda ba ta karanta fuska. Yaro ɗan firamare yana iya karanta wa uwarsa kalmomi goma da ke cikin akwati, sauran kuma idonta ya gaya mata. A yau ma ba sai takarda ta kai Kurni ba, hoto ɗaya yana iya zagaya wayoyin gunduma ta WhatsApp kafin la'asar. Bugu da ƙari, wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Nasara, a bakin kaka yara suka san Gizo da matarsa Ƙoƙi, shi da wayon banza da haɗama, ita da haƙuri da sanin halinsa. Waɗanda suka ga wasannin kwaikwayon su Yazi Dogo a talabijin kuwa sun san yadda barkwanci yake faɗa wa mai gari da alhaji da ma'aikaci abin da ba a iya faɗa musu ido da ido.

Masu suka da hujjojinsu

Za a samu masu cewa mai jin yunwa ba ya cin hoto. Gaskiya ne, zane ba ya ƙara faɗin gona, ba ya cika rumbu. Sai dai kuma ba yunwa kaɗai ke tura mata hamada ba. Gasar biki da tsadar kayan ɗaki da sakacin wasu mazaje suna da nasu kaso, kuma waɗannan ba tallafin hatsi ne maganinsu ba, sai an yi maganarsu a fili har jama'a ta ji kunyar abin da ya kamata ta ji kunya. A jahar Damagaram ne aka fara makarantun mazaje a 2008, da taimakon hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, bisa fahimtar cewa zuwan mace asibiti yana hannun mijinta, kuma miji ya fi jin maganar ɗan'uwansa miji. Duk abin da ya sa mazaje suka zauna suna gardama a kan halinsu ya yi rabin aikin.

Za a samu masu cewa wannan hanya ce ta shigo da tarbiyyar Abijan da Paris cikin gidajen Musulmi. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, domin Yopugon ta Aya, da mashayunta da raye-rayenta, ba Kurni ba ce, kuma wanda ya kwafo ta yadda take zai yi aikin banza. Abin koyi daga Abouet shi ne ta rubuta unguwarsu da harshen unguwarsu. Jarumar Kurni za ta yi salla, ta yi azumi, ta sa hijabi, ta kuma san haƙƙin da addini ya ba ta na ci da sha da tufafi da neman yardarta kafin aure, wanda sau da yawa al'ada ce take danne shi. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta isar da ilimi ga matan ƙauye ta hanyar waƙoƙin da jajis ɗinta suke kai musu, domin ta duba abin da zai shiga kunnensu ta yi amfani da shi. A Kano kuma, Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, ta rubuta sakaci da zaluncin cikin gida da Hausa, a cikin tsarin Musulunci. An zargi marubutan wannan zamani da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu littattafai a Kano a 2007, amma mata ba su daina saye ba, a can da nan, domin sun ga gidajensu a ciki.

Za a kuma samu masu cewa ai mata sun riga sun samu rabonsu a siyasa. Ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware musu aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, a 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Wannan nasara ce, amma ta matan da suka yi karatu ce, masu iya tsayawa gaban minista. Shirin dokar iyali kuwa, da ya shafi aure da saki da gado, an jingine shi a 1994 bayan adawar ƙungiyoyin addini, kuma ɗaya daga cikin dalilan faɗuwarsa shi ne an yi gardamarsa da Faransanci tsakanin manya, matar ƙauye ba ta san abin da ke ciki ba balle ta ce e ko a'a. Kujera a majalisa ba ta isa zauren Kurni ba. Abin da ke isa can shi ne abin da ake hira a kai a bakin rijiya da gindin bishiya.

Aikin wa ne?

Idan aka bar wannan aiki ga furoje, za a sake samun matar allo mai murmushi, kuma ranar da kuɗin furoje suka ƙare ita ma ta ƙare. Idan aka bar shi ga masu mulki ko masu neman mulki, za ta zama ƴar kamfe. Waɗanda suka fi dacewa su ɗauki nauyinsa su ne ƴan kasuwa da ma'aikata, masu sayen jarida. Attajirin da ke biyan shafi guda domin taya wani babba murnar naɗi yana iya biyan mai zane na shekara da kuɗin da bai kai haka ba, a sa sunan shagonsa a ƙasan akwati. Malamin makaranta da malamar asibiti da ma'aikacin gidan gona da suka yi aiki a Kurni, Tsauni ko Ɗan Barto suna da labarai a bakinsu da za su cika shekara goma. A kwalejojin Matamaye da Damagaram akwai yara masu zana hoton malaminsu a bayan littafi ana dukansu a kai, alhali sana'a ce a hannunsu. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: mace ce za ta riƙe alƙalamin labarin, kuma matar da ta san yankin, domin namiji komai kyakkyawar niyyarsa bai san abin da ake faɗa a tsakar gida bayan ya fita ba. A rubuta da boko, a kuma ƙara ajami, tun da da shi mutane da yawa suka iya karatu.

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Masu murna da wannan mataki suna da yawa, amma harshe ba ya girma da takardar doka kaɗai, sai an samu abin karantawa da mutane suke ɗokin fitowarsa. Rabin shafi kowane mako, da mai zane ɗaya, da marubuciya ɗaya, shi ne duk jarin da ake buƙata. Mai karatun da ke da hali, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya kamata ya san abu guda kafin ya sa kuɗinsa: shi ma zai fito a cikin labarin, da babbar rigarsa da alkawuransa, kamar yadda Ignace ya fito a na Aya, kuma matarsa ce za ta fara gane shi.